Tsoffin gidajen mai da rijiyoyin Minna: wa zai gwada ƙasar kafin a yi gini a kanta?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana cewa tallafin man fetur ya kau, harkar sayar da mai a Najeriya ta sauya kama. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta ƙetare naira 1,000 a garuruwa da dama. Jarin da a da yake ɗauko tanka uku ya koma da ƙyar yake ɗauko ɗaya, masu ababen hawa kuma suka rage yawan man da suke sha. Ƙungiyoyin dillalan mai, IPMAN da PETROAN, sun sha kokawa cewa mambobinsu da yawa sun rufe gidajen mansu. Duk wanda ya bi manyan hanyoyin Arewa zai ga shaida: rumfa ta yi tsatsa, an lulluɓe famfuna da buhu, ciyawa ta tsiro a tsagin siminti.

An yi ta tattauna wannan lamari ta fuskar asarar jari da rashin aikin yi. Abin da bai samu fili a muhawarar ba shi ne abin da ke binne a ƙarƙashin simintin. Kowane gidan mai yana da tankunan ƙarfe a ƙasa, galibi masu cin lita 30,000 zuwa 45,000 kowanne, tare da bututan da ke kai mai zuwa famfuna. Idan aka rufe gidan, tankunan suna nan inda suke. Idan kuma aka sayar da filin aka gina shaguna, makaranta ko gidajen haya, duk abin da tankunan suka tsiyayar cikin shekaru ya zama gadon waɗanda ba su san da shi ba.

A Jihar Neja, haɗarin mai da jama'a suka sani shi ne na gobara. A watan Satumban 2024 wata tanka ta yi karo da motar da ke ɗauke da mutane da shanu a yankin Agaie, mutum aƙalla 48 suka rasu. Ranar 18 ga Janairu, 2025, wata tankar ta kife a mahaɗar Dikko da ke ƙaramar hukumar Gurara, wutar da ta biyo baya ta ci rayuka kusan ɗari. Bayan wannan ne hukumar kula da sufuri da rarraba man fetur ta ƙasa, NMDPRA, ta hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 yin lodi daga 1 ga Maris, 2025. Gobara tana da hoto da adadin gawawwaki, shi ya sa take tilasta wa gwamnati ɗaukar mataki cikin makonni. Yoyon tankin ƙarƙashin ƙasa ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun.

Ƙaramin lissafi ya isa ya nuna girman abin. A ce wani tanki yana tsiyayar lita ɗaya tak a kowace sa'a. A yini lita 24 ke nan, adadin da gidan man da ke sayar da lita 10,000 kullum zai iya ɗora wa zafin rana ko kuskuren sandar awo. A shekara kuwa ya zama lita 8,760 da ƙasa ta shanye. Tankin ƙarfe da ba a yi masa kariya daga tsatsa ba yakan fara hujewa bayan shekara 20 zuwa 30, wani lokaci tun kafin haka idan ƙasar tana da damshi. Sau da yawa ma ba jikin tankin ne ke fara yoyo ba, mahaɗar bututai ce da bakin da tanka ke juye mai, inda ake ɗan zubarwa a kowane sauke kaya.

Unguwa irin Barkin Sale a Minna ita ce wurin da ya dace a auna wannan batu. Ambatonta a nan ba zargin wani gidan mai ba ne, yanayin zamanta ne ya sa. Unguwa ce mai cunkoso a ƙaramar hukumar Chanchaga, maƙwabciyar Kpakungu da Sauka Kahuta, wadda ta bunƙasa yayin da garin ke faɗaɗa bayan ya zama babban birnin jiha a 1976. Gidaje a manne suke da juna, kuma ruwan famfon da ake tacewa a Chanchaga da Bosso ba ya wadatar da kowa a kowane lokaci. Saboda haka jama'a sun dogara da rijiyoyin tsakar gida, da rijiyoyin burtsatse, da 'yan garuwa waɗanda su ma daga irin waɗannan rijiyoyin suke ɗebowa. Wuraren da a da suke bayan gari, inda aka ga ya dace a kafa gidajen mai da garejin manyan motoci, yanzu gidaje sun kewaye su ta ko'ina.

Sai kuma yanayin ƙasar kanta. Minna tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ake gani ya leƙo a tsaunukan da ke kewaye da garin. A samansa akwai jar ƙasa da ruɓaɓɓen dutse, wanda a wurare da yawa kaurinsa bai wuce 'yan mitoci ba. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana taruwa a wuri biyu: cikin wannan ruɓaɓɓen dutse, inda rijiyar hannu ke samunsa, da cikin tsage-tsagen dutsen da ke ƙasa, inda burtsatse ke nemansa. Damina tana kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba, ruwan sama yana haura milimita 1,000 a shekara, kuma a ƙarshenta ruwan rijiya a kwari yakan taso har a iya ɗebowa da gajeriyar igiya. Gindin tankin mai kuwa yana kusan mita uku zuwa huɗu a ƙasa. Ke nan a watan Agusta da Satumba, tankin zai iya kasancewa a jiƙe cikin ruwan da guga ke ɗebowa a gidan da ke bayan katanga. Kano, Zariya, Kaduna da Abuja duk a kan irin wannan dutse suke, don haka maganar ba ta Minna kaɗai ba ce.

Mutanen Arewa da yawa suna ɗaukar gurɓatar ruwa da mai a matsayin matsalar yankin Neja Delta, inda ake haƙo ɗanyen mai. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar kan ƙasar Ogoni a watan Agustan 2011 ya nuna kuskuren wannan zato. Mafi munin abin da masu binciken suka gano a ruwan sha shi ne a Nisisioken Ogale, kuma tataccen mai ne, irin wanda ake sayarwa a gidan mai, aka same shi kusa da layin bututun kamfanin NNPC. Sun tarar da mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, sun kuma auna sinadarin benzin a rijiyoyin da mutane ke sha ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. A unguwar Baruwa da ke ƙaramar hukumar Alimosho a Legas, yoyon bututun mai ya sa tun tsakiyar shekarun 1990 mazauna suka riƙa ɗebo fetur daga rijiyoyinsu, kuma bayan sama da shekara ashirin matsalar ba ta kau ba. Arewa tana da nata kason irin waɗannan kayayyaki: layukan bututu, da daffon mai a Minna, Suleja, Kano, Gusau, Jos da sauransu, da dubban gidajen mai manya da ƙanana.

Benzin shi ne abin da ya fi tayar da hankali a cikin fetur. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Lyon na Faransa ta sanya shi a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji, musamman ta jini. Ma'aunin hukumar a ruwan sha shi ne maikirogiram 10 a lita. Idan aka ɗauka benzin ya kai kashi ɗaya cikin ɗari na fetur, lita guda tana ɗauke da abin da zai iya kai ruwa lita fiye da 800,000 ga wannan iyaka. Ya kuma fi yawancin sinadaran fetur saurin narkewa a ruwa, don haka yakan riga sauran isa rijiyar maƙwabta. Ruwa ba ya tsami banza, idan rijiya ta fara warin mai to lallai akwai dalili. Amma rashin wari ba ya wanke ta, domin hanci ba ya jin benzin a ɗan adadin da ya riga ya haura ma'auni. Tsoffin wuraren da suka yi aiki kafin Najeriya ta daina amfani da fetur mai dalma a farkon shekarun 2000 suna iya ɗauke da ita ma a cikin ƙasarsu, dalma kuwa ba ta ruɓewa. Jihar da ta ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙaramar hukumar Rafi a 2015 ba ta buƙatar dogon bayani a kan wannan.

To yaya ake binciken irin wannan fili? Aikin yana farawa ne da tarihi, tun kafin a taɓa ƙasa: yaushe aka binne tankunan, nawa ne, me aka zuba a kowanne, an taɓa canza su, an taɓa samun giɓi a lissafin mai? Inda takardu suka ɓace, tsoffin ma'aikata da maƙwabta sukan tuna inda tanka ke tsayawa da shekarar da wata rijiya ta canza ɗanɗano. Idan ba a san ainihin wurin tankunan ba, ana iya gano su da na'urorin auna ƙasa, dangin waɗanda masu haƙa burtsatse ke amfani da su wajen neman ruwa. Wannan fasaha ba baƙuwa ba ce a Minna, garin da ke da Jami'ar Fasaha ta Tarayya mai sashen nazarin ƙasa da duwatsu.

Daga nan sai a huda ramuka a kewayen ramin tanki, da bakin juye mai, da kan layin bututai, da gindin famfuna, ana ɗebo ƙasa daga zurfi daban-daban har a kai ga ruwa ko dutse. A nan ne aiki yake gyaruwa ko ya lalace. Sinadaran fetur masu tashi ne a iska, ƙasar da aka ƙulle a leda aka bar ta a bayan mota cikin zafin watan Maris za ta isa ɗakin gwaje-gwaje ta riga ta huce, sakamako ya fito fes alhali filin a gurɓace yake. Ƙa'ida ita ce a zuba ta a kwalbar gilashi mai murfi, a sa a ƙanƙara nan take, a gwada cikin makonni biyu, a kuma rubuta hannun duk wanda ta bi. Haka nan ɗebo ƙasar sama kaɗai yaudarar kai ce. A Ogoni, UNEP ta samu mai a zurfin mita biyar ko fiye a wurare 49, ta kuma yanke cewa dabarar da aka daɗe ana bi ta juya ƙasar sama a bar rana da ƙwayoyin halitta su cinye man ba ta yi aiki ba.

Gwajin ruwa ya fi wuya. Ana buƙatar ƙananan rijiyoyin sa-ido aƙalla uku, domin da tsayin ruwa a wuri uku ne ake gane inda yake gangarawa a ƙarƙashin ƙasa. Dole ne tagogin bututun kowace rijiya su ratsa saman ruwan, tunda mai a sama yake yawo, wanda ya zurfafa bututunsa da yawa zai ɗebo ruwa mai tsabta daga ƙarƙashin man ya ce babu komai. Gwaji sau ɗaya kuma ba ya isa a ƙasa mai damina da rani irin ta Neja. Da rani ruwa yana sauka, man ya bi shi yana shafar ƙasa, da damina ruwa ya taso ya sake wanko abin da ya maƙale. Sakamakon watan Afrilu da na Satumba za su iya bambanta matuƙa a rijiya guda. A cikin tsagaggen dutse ma abin ya fi rikitarwa, domin mai yana bin tsaga ne, ba lallai ya bi gangaren da ido ke gani ba. Zai iya tsallake rijiyar da ke kusa ya ɓulla a wadda ke can gaba. Wannan ne ya sa binciken da ya tsaya a iyakar katangar gidan mai bai cika ba, sai an ƙirga rijiyoyin unguwa an gwada su, musamman burtsatsen masu sayar da ruwa, waɗanda jan ruwansu dare da rana kan jawo gurɓatar zuwa gare su.

Akwai kuma tururin mai, wanda ke tasowa ta tsagin daɓe, masai da ramin ruwan wanka ya taru a ɗaki. Shi ya sa filin da ya dace da wurin ajiye motoci ba lallai ya dace da ɗakin kwanan yara ba. Tankin da aka ce babu komai a cikinsa ma cike yake da wannan tururi, kuma mai walda ko ɗan gwangwan da ya sa masa wuta ba tare da an wanke shi an fitar da iskar ba yana wasa ne da ransa.

Bayan an samu sakamako, sai a tambayi ma'aunin da za a gwada shi da shi. Kundin ƙa'idojin muhalli na masana'antar mai da tsohuwar hukumar DPR ta fitar a 1991, ta kuma sabunta a 2002 da 2018, ya kafa matakai biyu. Matakin da ake son a mayar da ƙasa shi ne miligiram 50 na mai a kowane kilo, amma matakin da ke wajabta shara shi ne miligiram 5,000. A ruwan ƙarƙashin ƙasa matakin wajabcin maikirogiram 600 ne a lita, alhali ma'aunin ruwan sha na Najeriya da rahoton UNEP ya yi aiki da shi maikirogiram 3 ne. Tazarar tana da faɗi ƙwarai, kuma rahoton ya soki yadda ake fassara matakan biyu. Ma'anarsa ita ce fili zai iya tsallake ƙa'idar masana'anta yayin da rijiyar da ke gefensa ba ta shawuwa. A unguwar da ruwan ƙasa shi ne ruwan randa, ma'aunin ruwan sha ne ya kamata ya yi hukunci.

A takarda, Najeriya ba ta rasa dokoki ba. Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta tanadi tsarin rufe kayayyakin mai da aka daina amfani da su da asusun gyaran muhalli, NMDPRA kuma ta fitar da ƙa'idojin aiwatar da su a 2023. Dokar da ta kafa hukumar NOSDRA a 2006 ta wajabta kai rahoton malalar mai cikin sa'o'i 24, da tarar naira 500,000 a kan kowace ranar jinkiri. Sai dai an tsara yawancin wannan ne da manyan kamfanoni da malalar da ake gani a zuciya. Mai gidan mai guda ɗaya da jarinsa ya karye ba ya rubuta wa kowa takarda cewa ya rufe, kulle ƙofa yake yi ya jira mai saye. Dokar hukumar NESREA ta 2007 ta cire ɓangaren mai da iskar gas daga huruminta. Hukumar kare muhalli ta Jihar Neja tana kusa da matsalar, amma lasisin gidan mai ba a hannunta yake ba. Tsakanin waɗannan ofisoshi ne tsohon tanki yake ɓacewa.

Amurka ta taɓa shiga irin wannan hali. A 1984 majalisarta ta sanya tankunan ƙarƙashin ƙasa cikin doka, a 1988 aka fitar da ƙa'idoji, aka ba masu tankuna wa'adin zuwa Disamban 1998 su gyara, su canza ko su rufe. Da aka fara dubawa, yoyon da aka tabbatar ya haura 500,000. Abin koyi a nan shi ne yadda suka warware maganar kuɗi. Sun bi ƙa'idar kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma sun san wasu masu tankunan sun mutu, wasu sun talauce, wasu ba a san inda suke ba. Don haka a 1986 suka kafa asusu da harajin kashi ɗaya bisa goma na santi a kan kowane galan. Ƙorafin ƙananan dillalan Najeriya cewa ba za su iya ɗaukar nauyin shara su kaɗai ba yana da tushe, kuma dokar da ta yi biris da shi za ta sa a riƙa ɓoye yoyo ne kawai.

Amma jiha ba sai ta jira Abuja ba. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, kuma ba a sayar da fili mai takardar shaidar mallaka ba tare da amincewarsa ba. Sauya amfanin fili da amincewa da zanen gini su ma a hannun hukumar raya birane ta jiha suke. Waɗannan ƙofofi biyu ne da tsohon gidan mai zai bi kafin ya zama wani abu dabam, kuma a wannan lokaci ne kaɗai ake da mai sayarwa da mai saye da kuɗi a wuri guda. Sharaɗi ɗaya ya isa: kada a sa hannu sai an gabatar da rahoton gwajin ƙasa da ruwa daga ɗakin gwaji mai rajista, wanda hukumar muhalli ta duba, da shaidar cewa an tone tankunan ko an wanke su an cike da yashi. Yanzu ne lokacin da hakan ya fi muhimmanci, ganin yadda ayyukan faɗaɗa tituna da gwamnatin Mohammed Umaru Bago ke yi a Minna suke ƙara wa filayen bakin hanya daraja, su kuwa gidajen mai a bakin hanya suke. Da zarar an zuba kankare an ɗora bene, tono ya zama sai an yi rusau.

Kafin a kai ga haka, magidancin da rijiyarsa ke maƙwabtaka da tsohon gidan mai, ko garejin tankoki, ko wurin da 'yan bumburutu suka daɗe suna juye mai, ya kamata ya san wasu abubuwa. Alam da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba sa cire mai daga ruwa. Tafasa shi kuma tura benzin yake yi cikin iskar da mai girki ke shaƙa. Haƙa burtsatse mai zurfi a wuri guda ba tare da an toshe gefen bututun da siminti ba na iya buɗe wa man hanya zuwa ruwan ƙasa da a da yake da tsabta. Idan aka ga kyalli mai launuka a saman ruwa ko aka ji wari, a daina sha da girki da shi, a kuma kai rahoto a rubuce ga hukumar muhalli ta jiha da ofishin NMDPRA, tare da sa hannun mai unguwa da sauran gidajen da abin ya shafa, a riƙe kwafi mai ɗauke da kwanan wata.